Nazarin lamari: yadda kalmomin sirrin mutanen gari suka riƙa ficewa daga wani shagon kwamfuta a Jigawa

Shagon da mai shi

Shagon yana daura da tashar mota, a wani gari na masarautar Ringim da ke cika ranar kasuwa, sauran kwanaki kuma ya yi tsit. Ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba. A ciki akwai kwamfutoci biyu na tebur, duka 'yan gwanjo, da firinta, da injin fotokwafi, da na'urar laminetin, sai ƙaramin janareta da faifan sola da ke iya riƙe kwamfuta ɗaya idan rana ta buɗe. Mai shagon magidanci ne, yana da NCE, ya ɗan taɓa koyarwa kafin ya buɗe wurin a 2019. Ba za a ambaci sunansa ko na garin ba.

Aikinsa shi ne buga takardu, ɗaukar fasfo, duba sakamakon WAEC da NECO da JAMB, cike fom ɗin neman gurbin karatu a Dutse ko Kafin Hausa ko Gumel ko Kazaure, da fom ɗin shiga soja ko ɗan sanda idan an buɗe. Kusan duk waɗannan ba sa yiwuwa sai da imel, kuma yawancin masu zuwa ba su da shi, ko an taɓa buɗe musu sun manta. Shagon ke buɗe musu. Nan take ake zaɓar kalmar sirri, galibi lambar wayar mutum, ko sunansa da shekarar haihuwa. Bayan wata shida sai ya dawo hannu rabbana, ya ce, "Malam, a duba min abin nan nawa." Bai san adireshin imel ɗin ba, balle kalmar sirrin. Shi dai ya san a nan aka yi masa, don haka a nan yake.

Farkon 2023 zuwa tsakiyar 2024: yadda suka taru

Da aka shiga ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, mai shagon ya ƙara da sana'ar POS. Aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai ya ɗauko ɗan yayarsa da ya gama sakandare ya zaunar da shi gaban kwamfuta.

Asusun Google ɗaya ne ke ɗauke da komai. Shi ne imel ɗin da ke rubuce jikin allon shago, wanda mutane ke turo takardun da za a buga musu. Shi ne a wayar mai shagon. Da shi kuma aka shiga burauzar Chrome a kwamfutocin biyu, aka kunna daidaita bayanai tun ranar farko, don shafukan da aka saba buɗewa su fito iri ɗaya a ko'ina.

Duk lokacin da aka shigar da kalmar sirri a wani shafi, Chrome kan fito da ɗan akwati a kusurwa yana tambaya ko a adana. Yaron kan danna "Save", kuma ba da wasa yake yi ba, kawun nasa ne ya ce ya riƙa yi, saboda masu dawowa hannu rabbana. A tunaninsu duka biyun, abin a cikin kwamfutar yake zama.

A kwamfutar yake zama, amma ba a nan kaɗai ba. Chrome na ajiye kalmomin a wani fayil cikin kwamfutar, a rufe da makullin da ke ɗaure da asusun Windows na mai amfani. Idan kuma an shiga da asusun Google an kunna daidaitawa, kwafi na tafiya rumbun Google, daga can ya sauko kan kowace na'ura da ke ɗauke da wannan asusu. Sabuwar kalma ta bi wannan hanya, gyara ya bi ta, gogewa ma ta bi ta. A wayar Android abin ya wuce burauza: tun daga Android 8, da ya fito a 2017, waya na da tsarin cike gurbi da kanta a cikin manhajoji, kuma ma'ajiyar Google ce ke yin wannan aikin a yawancin wayoyin da ke hannun mutane. Kalmar da aka adana wa Facebook a kwamfutar shago za ta iya leƙowa a manhajar Facebook ta waya, a taɓa ta sau ɗaya a shiga. Mai son ya ga kalmar da idonsa kuwa, makullin fuskar wayar kawai za a tambaye shi, wato lamba ko zanen yatsan mai riƙe da ita. Ba a tambayar kalmar sirrin Google.

A daminar 2023 yaron ya saka asusun shagon a tasa wayar, wata Tecno, da sanin kawunsa. Dalilin mai kyau ne: in babu wuta kuma man janareta ya yi tsada, yana iya sauke takardun mutane a waya, a buga daga baya.

Kakar 2024: musayar waya

Bayan an yi girbi yaron ya samu gurbin karatu a Kano. Kafin ya fara zuwa aji ya shiga kasuwar waya ya yi musaya, ya ba da Tecno ɗin da ciko ya karɓi wata. Ya cire layinsa da katin memori, ya goge hotuna, ya cire WhatsApp, ya kuma cire makullin fuska don mai saye ya gwada. Bai mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani ba. Asusun shagon na nan zaune a cikinta.

A shago an ɗauki wani yaro, aka nuna masa aiki, har da danna "Save".

Maris 2025: ƙorafin farko da canza kalmomi

Cikin azumi wani malamin firamare ya zo da fushi. An shiga Facebook ɗinsa, an aika wa mutanensa saƙo da sunansa cewa matarsa na asibiti, a taimaka da abin da ya sauƙaƙa, ga lambar akawun. Mutum biyu sun tura, jimilla naira 25,000. Ya ce shi ba ya shiga komai nasa a ko'ina sai a wayarsa da kuma wannan shago. Mai shagon ya ce ai ba a taɓa buɗe Facebook ɗinsa a nan ba, imel kawai aka buɗe masa. Gaskiya ya faɗa. Abin da babu wanda ya kawo a ransa shi ne kalma ɗaya malamin ke amfani da ita a duka biyun.

Kafin ƙaramar salla an samu ƙarin mutum uku, ciki har da wata ɗaliba da mahaifinta ya zo da kansa. Sai kuma abin ya faɗo kan mai shagon: ƙaninsa ya kira shi daga Legas yana tambayar wane asibiti aka kwantar da shi.

Ya yi abin da kowa zai ce a yi. Ya zauna gaban kwamfuta ya canza kalmar sirrin Facebook ɗinsa, ya sa doguwa mai wuya. Chrome ya tambaya ko a sabunta wadda ke ajiye, ya amsa da e, tunda shi kansa ba zai iya riƙe ta a ka ba. Ya kira waɗanda abin ya shafa, ya canza musu nasu a kan wannan kwamfutar, aka adana.

Bayan kwana huɗu aka sake shiga. Ya sake canzawa, aka sake shiga. Kamar mutum ne ya canza kwaɗon ƙofa, maƙerin kuma ya bi duk wanda ke da tsohon mabuɗi ya miƙa masa sabo. Ko da ma bai adana ba, akwai ƙofa ta biyu: imel ɗin da Facebook ke tura lambar sake saita kalmar sirri shi ne na shagon, kuma yana buɗe a waccan wayar. Saƙonnin gargaɗin da ake turowa idan an shiga daga baƙuwar na'ura, daga baya an tsinci wasunsu a kwandon shara na imel ɗin, an karanta an goge.

Asusun POS bai taɓu ba. A manhajarsa yake, da lambar sirrinsa daban, kuma ba a taɓa shigar da shi a burauza ba.

Afrilu 2025: zargi da fomatin

Gari ƙarami ne, magana ba ta kwana. Aka fara cewa a shagon wane ake sace wa mutane Facebook. Mai shagon ya sallami sabon yaron, abin bai tsaya ba. Sai zargi ya koma kan ɗan yayar tasa, tunda shi ya san komai. Ya kira shi a waya, maganar ba ta yi daɗi ba. Yaron ya ce, "Kawu, wallahi rabona da imel ɗin shago tun ranar da na bar gari." Yayar ta ji, ta aiko da saƙo mai zafi, aka daina gaisawa sosai tsakanin gidajen biyu.

Daga nan aka ɗauko mai gyara daga hedikwatar ƙaramar hukuma. Ya duba ya ce bairos ne. Hasashen nasa ba na banza ba ne. Akwai manhajojin sata da aikinsu ke nan, su shiga kwamfuta su kwashe abin da burauza ta adana su aika waje, kuma sun fi shigowa ta manhajojin da aka fasa aka sauke kyauta, irin waɗanda shagunan karkara suka dogara da su. Makullin da Windows ke sa wa fayil ɗin Chrome yana kare shi daga wanda ya ɗauke faifan kwamfutar, amma bai cika hana wata manhaja da ke gudana a ƙarƙashin mai amfani ɗaya ba. Saboda haka ne Google ya fara ƙara wani makulli a Chrome 127 a Yulin 2024. Irin waɗannan manhajoji har suna da sunaye: RedLine, wadda 'yan sandan Holan da abokan aikinsu suka tarwatsa cibiyarta a Oktoban 2024, da Lumma, wadda Microsoft ya jagoranci farmaki a kanta a Mayun 2025.

Aka yi wa kwamfutocin biyu fomatin, aka zuba sabuwar Windows, aka sa manhajar kariya. Kuɗin aiki da na mota naira 18,000, shago ya yi kwana biyu a rufe. Da aka gama, mai gyaran ya sauke Chrome, mai shagon ya shiga da asusunsa, cikin 'yan mintuna duk kalmomin suka dawo reras. Har murna ya yi cewa bai rasa komai ba. A mako na biyu aka shiga asusun wata mai sayar da atamfa.

Mayu 2025: gogewa, fayil a filash, da sauya burauza

Wani ya ba shi shawarar ya kwashe kalmomin daga kwamfutar shago gaba ɗaya, ya bar su a wayarsa kawai. Kafin ya goge, ya fitar da su zuwa fayil ya sa a filash, don gudun ko-ta-kwana. Sannan ya goge duka daga Chrome na kwamfutar.

Da safe ya ɗauki waya zai shiga shafin da yake sayen katin duba sakamako, babu komai. Gogewar ta bi hanyar da adanawa ke bi, ta share rumbun Google, ta share wayarsa. Ta share waccan Tecno ɗin ma, duk da bai sani ba, kuma a kwanakin nan babu wanda ya kawo ƙorafi. Sai dai lokacin ya zo daidai da fitowar sakamakon JAMB, ɗalibai sun cika rumfa, kowa na cewa a duba masa, shi kuma ba shi da kalmar kowa. Ya jure kwana biyar, ya ɗauko filash ya mayar da fayil ɗin cikin Chrome. Komai ya koma inda ya fito, har da inda ba a so.

Shi wannan fayil ya cancanci a tsaya a kansa. Ba shi da makulli ko kaɗan. In an danna shi Excel ke buɗe shi, layi-layi: sunan shafi, adireshinsa, sunan mai shiga, kalmar sirri a fili kamar jerin sunayen 'yan aji. Layukan sun haura 300. Haka yawancin burauzoji da ma'ajiyoyin kalmomin sirri suka daɗe suna miƙa wa juna kaya, ta fayil buɗaɗɗe da ake sa ran mutum zai goge da zarar ya gama. Sai a Oktoban 2024 ƙungiyar kamfanonin fasaha ta FIDO Alliance ta fitar da daftarin wata hanyar miƙawa a rufe. Filash ɗin da aka sa fayil ɗin kuwa shi ne wanda ake ɗaukar takardun mutane da shi, ana ba da aronsa, ya je makarantar sakandare ya dawo ya fi a ƙirga.

A ƙarshen watan ya yanke shawarar Chrome ɗin ne ba shi da kirki, ya sa Firefox a kwamfuta ɗaya. Aka kwaso kalmomin Chrome aka zuba a Firefox. Kwafi ne na lokaci ɗaya, ba igiya ba ce tsakaninsu: abin da aka canza a Firefox ba ya zuwa Chrome, na Chrome ba ya zuwa Firefox. Cikin mako biyu jerin biyu suka saɓa, aka rasa wanne ke da sabuwar kalma. Ɗaya kwamfutar kuma tana nan a Chrome, tana aikawa kamar kullum. An yi ba a yi ba.

Yuni 2025: jerin na'urori

Bayan babbar salla wani malamin kwamfuta na makarantar sakandaren garin ya zo buga takardun jarrabawa, hira ta kai ga wannan magana. Bai taɓa kwamfutar ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Malam, na'ura nawa ce ke ɗauke da wannan imel ɗin?" Mai shagon ya ce uku, kwamfuta biyu da wayarsa.

Suka buɗe shafin asusun Google a wayar mai shagon, ɓangaren tsaro, inda ake jera na'urorin da ke ciki. Ga wayarsa, ga kwamfutocin, har da tsofaffin shigarsu na kafin fomatin. Sai ga wata Tecno, an yi amfani da ita a ranar. Garin da aka rubuta a ƙarƙashinta ba abin dogaro ba ne, don layukan waya kan nuna wani birni daban da inda mutum yake. Samfurin wayar ne ya yi magana. Aka tura wa ɗan yayar hoton shafin. Bai fi minti biyu ba ya kira: "Kawu, wannan ai tsohuwar wayata ce."

Mai shagon ya so ya fara canza kalmomin mutane nan take. Malamin ya hana, ya ce a bi abin daki-daki, kuma duk a wayar mai shagon aka yi.

Da farko aka fitar da Tecno ɗin daga asusun, tare da duk wata shiga da ba a gane ba. Aka canza kalmar sirrin Google ɗin kansa, aka rubuta ta a takarda, ba a adana ta a burauza ba. Aka duba lambar da Google zai kira in an manta kalma, sai ga wani tsohon layin mai shagon da aka rufe lokacin haɗa layuka da NIN, wanda wa'adinsa na ƙarshe ya cika a Satumban 2024. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar da shi ga wani, don haka aka cire shi aka sa na yanzu. Malamin ya ja kunne cewa Google na iya ci gaba da amincewa da tsohuwar lambar har tsawon mako guda, a sa ido.

Sai bayan nan aka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an sake tabbatarwa ta waya kafin a shiga. Dalilin jinkirta ta: duk wayar Android da ke cikin asusu tana iya karɓar saƙon nan na "kai ne ke ƙoƙarin shiga?", ta amsa. Da an kunna tun Tecno na ciki, da an ɗora mai riƙe da ita a kan kujerar mai gadi. Aka buga lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, kowace mai amfani sau ɗaya, aka yi musu laminetin, suka tafi gida. Aka leƙa saitin Gmail ko an sa a riƙa tura kwafin wasiƙu wani wuri, babu.

Sannan aka koma kan sauran kalmomin. Fitar da waya daga asusu yana tsayar da sababbi, ba ya dawo da waɗanda aka riga aka gani ko aka kwafe. Don haka aka ɗauki duk abin da ke cikin jerin a matsayin wanda ya fita. Aka fara da na mai shagon: Facebook, shafukan sayen kati da data. A Facebook aka fitar da duk sauran na'urori.

Wajen share kwamfutocin aka gano kwafi na uku. Burauzar Edge, da ke zuwa tare da Windows, ta kwaso kalmomin Chrome bayan fomatin, wani ya danna amincewa bai karanta ba. Aka goge na Edge, aka goge na Firefox, aka goge fayil ɗin filash aka yi masa fomatin.

Yuli zuwa Satumba 2025: sabon tsari, da maganar mutanen gari

Aka raba abin da a da yake dunƙule. Tsohon asusun ya zama na mai shagon shi kaɗai, a wayarsa kawai, aka cire shi daga kwamfutocin. Aka buɗe sabon imel na karɓar takardu, babu kalmar sirri ko ɗaya a cikinsa, aka goge tsohon daga allon shago da fenti. Aka kashe tambayar adanawa a duka burauzojin. Duk wanda za a shigar masa da imel, a tagar baƙo ta Chrome ake yi, wadda ke mantawa da komai idan an rufe ta. Windows ta samu kalmar sirri, abin da ba ta taɓa samu ba. A da duk wanda ya zauna zai iya danna ɗan hoton idon nan ya karanta ta kowa.

Saura kalmomi bakwai na aikin shago da dole yaro ya yi amfani da su. An duba hanyar da Google ya fito da ita a 2024 ta raba kalma da 'yan rukunin iyali, aka bar ta, don kwafi take ba mutum, in ya tafi da shi ya tafi. Aka koma Bitwarden, wata manhajar ajiye kalmomin sirri, wadda ke ba mutum biyu damar raba ma'ajiya ɗaya kyauta, kowa da asusunsa da babbar kalmarsa, kuma ana iya cire mutum. A nan kayan a rufe suke barin na'ura, kamfanin ba shi da mabuɗin, in ka manta babbar kalmar ba mai dawo maka da ita. Malamin bai ɓoye masa ba cewa su ma irin waɗannan ana kai musu hari: a 2022 an sace kwafin ma'ajiyoyin masu amfani da LastPass, a rufe, waɗanda babbar kalmarsu ke da rauni su ne suka shiga haɗari. Suka haɗa babbar kalma daga kalmomin Hausa biyar da ba su da alaƙa da juna. Makonnin farko mai shagon ya yi ta mita, ya ce abin ya cika tambaya. Yaron da aka sallama a Afrilu, wanda aka je har gida aka ba shi haƙuri ya dawo, shi ya fara sabawa.

Mafi wuya shi ne mutanen da ke cikin jerin. Mai shagon ya yi nauyin baki, don faɗa musu daidai yake da amsa cewa daga wurinsa abin ya fita. A ƙarshe ya rubuta sunayen waɗanda ya gane daga adireshinsu, ba tare da kalmomin ba, ya riƙa aikawa ta hannun 'yan'uwa da shugabannin makarantu cewa su zo a gyara musu kyauta. Wanda ya zo, a canza masa ta imel, a tambaye shi ko ita ce a Facebook, a canza can ma da wata daban, a buga masa a 'yar takarda a yi laminetin ya tafi da abinsa. Wasu dattawa suka ƙi karɓa. Wani ya ce, "Ɗana, in na kai gida jikoki za su yi wasa da ita, ka riƙe min." Irin waɗannan aka buɗe musu littafi, ana kulle shi a durowa, mabuɗin na aljihun mai shagon. Da aka gama da waɗanda suka zo, aka goge jerin mutane daga asusun Google gaba ɗaya.

Zuwa ƙarshen damina mutum kusan 140 suka zo. Babu sabon ƙorafi daga cikinsu. Asusun Facebook biyu ba su dawo ba, don an riga an canza imel da lambar da ke jikinsu. Kuɗin da aka tura ba a samu ko sisi ba. Ɗan yayar ya zo hutu, kawun ya je gidan yayarsa da kansa.

Abin da lamarin ya nuna

Duk matakan da suka gaza a kan na'ura aka ɗauke su: a canza kalma a kwamfuta, a wanke kwamfuta, a goge daga kwamfuta, a sauya burauzar kwamfuta. Kalmomin kuwa asusu suke bi. Mai gyaran bai yi kuskure da ya zargi bairos ba, kuskurensa shi ne bai tambayi wa da wa ke cikin asusun ba kafin ya karɓi kuɗin fomatin, alhali dubawar ba ta cin minti biyar. Abin da ya yi aiki a Yuni ba wata sabuwar manhaja ba ce, jeri ne: a yanke hanyar tukuna, sannan a canza. Matakan nan ɗaya, in an juya su, su ne abin da aka yi a Maris.

Ban ga laifin daidaitawa a kanta ba. An gina ta ne don mutum ɗaya mai na'urori da yawa, kuma ga wannan mutumin ta fi kalma ɗaya da ake maimaitawa ko'ina nesa ba kusa ba. Shagon ya yi amfani da ita ne a juye, mutane da yawa a asusu ɗaya, kuma ɗan akwatin da ke tambaya ko a adana ba ya bayyana wa mai dannawa, ta yadda zai gane, na'ura nawa ne za su samu. Sakacin yaron na gaske ne, amma da asusun da ke wayarsa na karɓar takardu ne kawai, da abin da mai sayen ya samu bai wuce fom da fasfo ba. Shi kuwa mai riƙe da Tecno, zamansa shiru ba tare da ya kori mai asusun ba shi ya fi masa riba, tunda kowane mako shagon na aiko masa da sababbi.

Littafin durowa, a ganina, ya fi dacewa da wannan wurin fiye da yadda masana za su so su amsa. Ana iya sace shi, amma sai an zo garin an fasa durowa, kuma mai shi zai sani a ranar. Rauninsa shi ne ya mayar da mai shagon ma'ajin amanar mutane ba tare da wani ya duba shi ba.

Fiye da rabin mutanen jerin ba su zo ba. Wasu sun tafi ci-rani, wasu an yi musu aure a wasu garuruwa, wasu adireshin nasu lambobi ne da haruffan da ba a gane mai su ba. Kalmominsu na nan yadda suke a ranar da aka fitar da fayil ɗin a Mayu, kuma shagon, tunda ya goge jerinsa, ba shi da sauran hanyar canza musu sai in sun zo da ƙafarsu.